Tsakon Kwali da Tsofaffin Kaji: Wa Zai Yi Aikin Uwa?

A ƙauye ba a cika jin ana tambayar yadda za a haɗa 'yan tsaki da manyan kaji ba, domin kaza ce ke yi wa mai kiwo wannan aikin. Ta yi kwancinta na kwana 21, ta ƙyanƙyashe, ta fito da 'ya'yanta tsakar gida gashi a tashe, fuka-fukai a buɗe, duk wadda ta matso ta sha sara. Haka za ta yi ta yawo da su a tsakanin sauran kaji har mako shida ko takwas. Ranar da ta yaye su, babu kazar da ba ta san su ba, su ma sun san wadda ake kauce wa. Ga kuma wurin tsira ko'ina: ƙarƙashin rumbu, bayan danga, gindin randa. Shi ya sa abin da ake kuka da shi a ƙauye shirwa ce da muzuru da annobar hunturu, ba faɗan kaji ba.

Tambayar ta shigo ne tare da kwali. Yau mace a Kano ko Katsina ko Gombe za ta sayi 'yan tsaki ashirin ko talatin 'yan kwana ɗaya, waɗanda mota ta kwana da su a hanya daga Ibadan, matattarar kamfanonin ƙyanƙyasa. Wasu noila ne, wasu jajayen nan masu ƙwai; wata kuma a samo mata ShikaBrown, irin da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika a Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar. Ta raine su a ɗaki da ƙwan lantarki ko kaskon gawayi. Da sun yi wata guda ɗakin ya fara wari, maigida ya fara magana, ga kuma akurki a bayan gida mai tsofaffin kaji 'yan kaɗan da zakaransu. Sai a kwashe a zuba. Kashegari a tarar an fasa wa ɗaya kai, biyu sun mutu a kusurwa, sauran sun cure wuri guda ba ci ba sha. Hukuncin da ake yankewa kuwa ba ya canzawa: "Tsofaffin nan mugaye ne, kishi ne da su kamar uwargidan da aka yi wa amarya."

Ban yarda da wannan hukunci ba. Tsohuwar kaza ta yi abin da kowace kaza mai lafiya za ta yi wa baƙo. Abin da ya ɓace a labarin shi ne uwa da fili, kuma duk wanda ya sayi tsakon kwali ya ɗauki aikin uwar, ko ya sani ko bai sani ba.

Garken kaji yana da manya da ƙanana, kuma kowace ta san matsayinta. Wanda ya fara bayyana wannan a rubuce wani ɗan ƙasar Norwe ne, Thorleif Schjelderup-Ebbe, da ya fara lura da kajin gidansu tun yana yaro, ya kuma wallafa bincikensa a farkon shekarun 1920. Ya nuna cewa a tsakanin kowace kaza biyu akwai mai sara da mai kaucewa, kuma da zarar an raba gardamar ba a cika sake ta ba. Akwai ta sama da ke saran kowa, akwai ta ƙasa da kowa ke sara. Ta sama ce ke fara ci, ta fara sha, ta zaɓi wurin kwana mafi tsayi. Amfanin tsarin ga kajin shi ne rage faɗa: in kowa ya san gurbinsa, harara da ɗaga wuya sun isa. Garken da ya daɗe tare yakan wuni ba ka ga sara mai ƙarfi ba.

Daga baya A. M. Guhl na jami'ar jihar Kansas a Amurka ya bi diddigin yadda suke gane juna. Ya samu cewa kai da wuya suke dubawa, musamman zanko. In aka sauya wa kaza kamannin kai, abokan zamanta na iya far mata kamar baƙuwa. Ƙwaƙwalwar kuma ba mai nisa ba ce: kazar da aka ɗauke mako biyu ko uku aka dawo da ita sai ta sake neman gurbi. Su kansu 'yan tsaki ba sa kafa nasu tsarin sai wajen mako shida zuwa goma, mazan su riga matan. Wato tsakon wata ɗaya da aka jefa cikin akurki bai ma san ƙa'idar ba tukuna.

Ƙa'idar kuwa ita ce: wadda aka fi ƙarfi ta sunkuyar da kai ta bar wurin. Barin wurin shi ne ba da haƙuri a wajen kaza. Kakannin kajinmu jajayen kajin daji ne na kudu maso gabashin Asiya, inda wadda aka kora take shigewa kurmi magana ta ƙare. A akurkin bulo mai kusurwa huɗu ina za ta shiga? Tsako ya gudu ya maƙale a lungu, har yanzu yana gaban idon tsohuwa, ita kuma tana ganin baƙo ya ƙi tafiya, sai ta ci gaba da sara. Ƙoƙon kan tsako ba shi da ƙwari, saran da babbar kaza za ta sha ta girgiza kai ta wuce shi zai fasa nasa. Mafi yawan abin da ake kira mugunta ƙarancin wuri ne da bambancin girma.

Sannan akwai kisan da ba a ganin jini. Tsohuwa ba sai ta taɓa tsako ba, ta tsaya kusa da mazubin ruwa kawai ya isa. A ƙasashen sanyi tsako zai iya jure wuni guda a haka. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafi ke haura digiri 40, ba zai iya ba. Kaza ba ta gumi, zafin jikinta kansa yana wajen digiri 41, da haki da shan ruwa take sanyaya kanta. Tsakon da aka hana ruwa daga hantsi zuwa azahar a watan Afrilu zai iya mutuwa babu tabo ko ɗaya a jikinsa, mai shi ya ce ciwo ne.

Ciwon ma yana nan, kuma a ganina ya fi sara haɗari, don shi ba ya tsayawa kan tsako ɗaya. Tsohuwar kaza da ta ga hunturu biyu ko uku ta sha cututtuka ta warke, amma warkewa ba rabuwa ba ce. Murar kaji mai kumbura fuska da ciwon numfashi mai daɗewa duk suna zama a jikin kazar da ta warke, ta ci gaba da yaɗa su tana ci tana ƙwai. Cutar Marek, mai shanye ƙafa da fiffike, wadda wani likitan dabbobi ɗan Hangari, József Marek, ya bayyana a 1907, tana bin ƙurar gashin kaji ne, tana daɗewa a akurki wata da watanni. Rigakafinta a ranar ƙyanƙyasa ake yi, kuma yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya kama jiki. Gumboro, wadda ta ci sunan wani gari a jihar Delaware ta Amurka inda aka fara ganinta, ta fi kama tsako tsakanin mako uku da shida, daidai lokacin da ɗaki ke fara wari ana neman inda za a kai su. Haka ma ciwon hanji mai sa kashin jini: ƙwayoyinsa na cikin ƙasar akurki, manya sun saba da su, ƙanana ba su saba ba.

Abin yana kuma bi ta ɗaya hanyar, daga baƙi zuwa 'yan gida, musamman in ba 'yan kwali ba ne, 'yan tasowa ne aka sayo a kasuwar kaji. Can kowa ya kawo nasa, mai lafiya da wanda ake gudun ya mutu a hannu, a kwando ɗaya. Niyukasil, wadda aka fara gani a 1926 a tsibirin Java da kuma garin Ingila da ta ci sunansa, ita ce annobar da ke share kajin ƙauye a hunturu: koren zawo, haki, murɗewar wuya. Tana iya kwana 2 zuwa 15 a jiki kafin ta nuna. Wanda ya ga murar tsuntsaye ta 2006, da ta fara bayyana a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, karon farko da aka ga wannan nau'in a Afirka, ta kuma ɓulla a Magarya ta Nijar a watan Fabrairun wannan shekarar, ya san abin da zirga-zirgar kaji ke jawowa. Don haka duk abin da ya shigo daga waje a ware shi mako uku aƙalla, wata guda ya fi, a wurin da ba sa shaƙar iskar juna, da kwanonsa daban. A fara ba 'yan tsaki abinci kafin a shiga wajen manya, kada a yi akasin haka, kuma takalmin akurki ya tsaya a akurki. Tsofaffin ma a yi musu rigakafi kafin haɗuwa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin rigakafin Niyukasil iri-iri, har da I-2 da aka samar a Ostireliya saboda kajin ƙauye, mai ɗan jure zafi, da ake ɗigawa a ido duk wata uku ko huɗu. A duba ƙarƙashin fiffike da gindin jela ko akwai ƙwarƙwata, a leƙa tsagar bango da dare ko akwai kaska.

Batun abinci gajere ne amma ana yawan tuntuɓe a kansa. Ɓawon ƙwai ɗaya yana cin kusan giram 2 na kalsiyam, shi ya sa abincin masu ƙwai ke ɗauke da wajen kashi 4 cikin 100 na wannan sinadari. Tsako kashi 1 yake bukata; in ya daɗe yana cin na manya ƙodarsa ce ke lalacewa. Mafita ita ce a ɗora kowa kan abincin masu tasowa muddin ana haɗe, a ajiye wa tsofaffi garin ƙashi ko gasasshen ɓawon ƙwai da aka daka a wani kwano daban. Mai bukata za ta ci, ƙananan su ɗanɗana su bari. Kada kuma a bar manyan kan dusa zalla a wannan lokaci. Kazar da furotin ko gishiri bai ishe ta ba takan fara cin gashin 'yar'uwarta, ga kuma baƙi masu laushin gashi an kawo mata har gida.

Hanya mafi sauƙi, in an dace, ita ce a nemo wa 'yan tsakin uwa. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa: mun daɗe muna sa wa kaza ƙwan zabuwa ta kwanta a kai kwana 26 zuwa 28, ta ƙyanƙyashe ta raina kamar nata. Amma ba kowace kaza ke karɓa ba. Sai wadda ta yi nisa a kwanci, mako biyu zuwa uku tana kan ƙwai, jikinta ya shirya wa jin kukan tsako. Tsakon ma sai sabo, wanda bai wuce kwana biyu ko uku ba. Tun 1873 Douglas Spalding ɗan Birtaniya ya rubuta cewa tsako a kwanakinsa na farko yake kama abin da zai riƙa bi, in lokacin ya wuce ko uwarsa ce ba zai bi ta ba. Da dare ake yi: a zare ƙwan, a tura 'yan tsakin ƙarƙashinta ɗaya bayan ɗaya, hannu ya rufe su, a kuma tashi da asuba a ga yadda ta karɓe su. In ta yi musu irin muryar nan ta kira ta ja su ciki, an gama. In tana saransu da gaske, a kwashe, ba za ta sake shawara ba. 'Yar kazar Hausa ba ta iya rufe fiye da takwas zuwa goma da kyau, balle noila da ke girma da sauri. Sannan a san wace ce uwar. Ta sama a garke za ta ratsa da 'ya'yanta ko'ina. Ta ƙasa, wadda ita ma kaucewa take, a ba ta nata wurin na mako ɗaya ko biyu. Jajayen masu ƙwai kuwa da wuya su yi kwanci, an riga an tace wannan hali daga jininsu, don haka kazar Hausa ɗaya ko biyu a gida suna da amfanin da ya wuce ƙwansu.

In babu uwa, masu kiwo sun rabu biyu. Wasu na cewa a jira har ƙananan su kusa kamo manya a girma, mako 12 zuwa 16, lokacin da muryar tsako ta bar su. Wasu kuma na cewa a'a, a raine su tun suna 'yan kwanaki a cikin akurkin, a bayan raga, domin babbar kaza ba ta ɗaukar ƙanƙanin tsako a matsayin abokin takara. Kafin ya girma ta saba da ganinsa. Magana ta biyu tana da gaskiya ta fuskar halayyar kaji, kuma ita ce ta fi kama da abin da uwa ke yi. Sai dai an gina ta ne kan garken da ba a shigo masa da kajin kasuwa, wanda aka san lafiyarsa. A yawancin gidajenmu, inda kazar biki da ta kyauta da wadda ba ta sayu ba ranar kasuwa duk akurki ɗaya suke komawa, ba zan sa tsakon da bai gama rigakafin Gumboro da Niyukasil ba ya shaƙi ƙurar tsofaffi. Abin da na fi natsuwa da shi tsaka-tsaki ne: su zauna daban har mako shida, lokacin da gashi ya rufe jiki ba sa bukatar ɗumi, daga nan su koma kusa da manya a bayan raga, cakuɗuwa ta ƙarshe kuma girman jiki ne zai faɗi lokacinta. Noila na iya kamo 'yar kazar Hausa a nauyi tun wajen mako takwas zuwa goma, amma kada jiki ya ruɗe ka, hankalinsa na yaro ne, an sare shi kwanciya zai yi maimakon ya gudu. Mafi muni dai shi ne abin da aka fi yi: a zuba 'yan mako huɗu ko biyar kai tsaye, ba uwa, ba sabo, ba mafaka.

Raga ita ce ke yin rabin aikin uwa. A raba akurki ko filin da ragar waya mai ƙananan ido, yadda za su ga juna su ji juna amma baki ba zai kai ba. Kwandon nan mai faɗi da ake kifawa kan kaji ma yana yi in 'yan kaɗan ne, muddin yana inuwa. A riƙa watsa hatsi a gefe biyu na ragar don su saba ci kusa da juna. Kwanakin farko tsofaffin za su yi ta sintiri suna leƙe, suna kai sara ta waya. Alamar da ake jira ita ce ranar da suka daina kulawa, suka juya baya suna tononsu. Mako ɗaya ne mafi ƙaranci, biyu ya fi.

Bayan nan sai a buɗe wa ragar 'yar kafa a ƙasa, wadda ƙarami zai shige babba ba za ta iya ba. Kafa biyu sun fi ɗaya, kada wata ta tsare bakin. A gwada da mafi ƙanƙantar tsofaffin, domin kazar Hausa tana matse jiki ta shige inda ba ka zata ba. Abinci da ruwan ƙananan su ci gaba da zama a ciki. Da kansu za su riƙa fita suna dawowa, yau taku biyar, gobe goma. A waje kuma a ƙara mazubin ci da na sha, a nesanta su yadda kaza ɗaya ba za ta iya tsare biyu ba, a kuma sa abin da zai katse ido: tsohuwar tabarma a jingine, katako a kan bulo biyu, reshen ƙaya. Kaza ba ta cika bin abin da ta daina gani ba. Sharaɗin kawai kowace maɓoya ta zama mai shiga da fita, kada ta zama tarko. Game da yawan wuri, dokar Tarayyar Turai ta 1999 ta ƙayyade wa masu kiwo a ƙasa kaji 9 a kowace murabba'in mita, da santimita 15 na sandar kwana da santimita 10 na bakin mazubin abinci ga kowace kaza. Wannan iyakar ƙarshe ce, ga kajin da suke sa'o'in juna. Mai haɗa manya da ƙanana ko rabin wannan cunkoso ya yi masa yawa.

Ranar da za a sake su gaba ɗaya a zaɓi la'asar, zafi ya sauka, cikin manyan a cike, saura awa ɗaya ko biyu magariba ta raba su. In akwai tsakar gida ko fili a fara a can, akurki shi ne inda tsofaffi suka fi jin nasu ne. A rataye musu damin zogale ko rama ko kabeji, a zuba gara in an samu, baki ya sami abin yi. Kada a shigar da tsako ɗaya tilo, duk saran gidan a kansa zai ƙare. In suna da yawa ana raba musu. Akwai shawarar da ta yaɗu cewa a saka baƙi da dare, wai da safe tsofaffin za su ɗauka da ma tare suke. Kaza ba ta gani sosai a duhu, shi ya sa ake samun shiru, amma gari na wayewa za ta ga baƙuwar fuska, a ɗaki rufe, mai gida yana barci. Dabarar tana da amfani ɗaya, koya wa ƙananan wurin kwana, shi ma sai in za a buɗe ƙofa tun da asuba. Fesa musu turare ko wani abu mai wari don su zama ɗaya ɓata lokaci ne, da ido suke tantancewa.

Sara dai sai an yi, kuma mai tausayin da ke shiga tsakani kowane minti yana ja wa abin tsawo ne. Sara ɗaya a ƙeya, tsako ya yi ƙara ya gudu, tsohuwa ta koma ci: wannan karatu ne, a bar su. Abin da ba a bari shi ne kaza ta bar abinci ta bi shi lungu-lungu, ko biyu uku su taru a kansa, ko ya kwanta ya tura kai a kusurwa ya daina gudu. Da dare a shafa ƙirjin ƙananan. Wanda jakar abincinsa ta kwana ba komai an hana shi ci ne. Jini kuwa ba ya jira. Kaji suna ganin launi sarai, ja yana jan su, kuma suna koyon cin naman juna ta kallo. A cire mai rauni nan take, a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, a sa aidin, kada ya koma sai ya warke gashi ya fara rufewa. Da yawa suna shafa shuɗin maganin nan na kyamis don ya ɓoye jan. Yana ɓoyewa, amma Kanada ta janye shi daga kasuwa a 2019 saboda fargabar sankara, ni dai ba zan shafa wa abin da za a ci ba.

Masu kiwo sun daɗe da lura cewa mai zafin kai a kan baƙi sau da yawa ba shugabar garke ba ce. Shugaba ta sara sau ɗaya ta wuce, ba ta da abin tsoro. Ta ƙasa ce, wadda kowa ke kora, yau ta sami wanda za ta kora. In kaza ɗaya ce ke ta da fitinar, ita za a ɗauke, ba 'yan tsakin ba. A kai ta inda ba ta ganin garken kamar mako guda. Kafin ta dawo ƙananan sun san gida, ita kuma tana da nata aikin na neman gurbin da ta bari. Masu yanke bakin tsohuwar kaza da wuƙa ko jan ƙarfe su sani baki ba farce ba ne, akwai jijiyoyi a ciki. Norwe da Finlan da Suwidin sun daɗe da haramta yanke baki ko a manyan gonaki. In an ware ta sau biyu ta dawo tana fasa kai, tukunya ta fi mata, kuma kada a sa ƙwanta a kwanci. Hali yana bin jini. William Muir na jami'ar Purdue a Amurka ya nuna haka da kajin ƙwai da ake tarawa da yawa a keji ɗaya ba a yanke musu baki ba: maimakon ya zaɓi kazar da ta fi kowa ƙwai a matsayin iri, ya riƙa zaɓar dangin da kejinsu gaba ɗaya ya fi ba da ƙwai. A rahotonsa na 1996, mace-mace ya sauko daga kashi 68 cikin 100 a zuriya ta biyu zuwa ƙasa da kashi 9 a ta shida. Wani lokaci kazar da ta fi ƙwai a akurki ta fi ne don ta hana sauran ci.

Zakara kan taimaka, domin zakaran kirki yana raba faɗan matansa, garken da yake ciki ya fi natsuwa. Matsalarsa biyu ce: zai iya fara hawan sagarun da ba su kai ba ya ji musu ciwo, kuma ba zai ƙyale samarin zakaru ba da zarar zankonsu ya yi ja sun fara gwada cara. Waɗannan a fitar da su da wuri, a turke ko a sayar.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su shiga wannan wahala ba sam. Burola ba ya wuce mako shida zuwa takwas a duniya, jikinsa ya yi masa nauyi, ba ya iya gudu. Haɗa shi da tsofaffi asara ce zalla. Mai kaji ɗaruruwa shi ma ba nasa ba ne: ƙa'idar gona ita ce sa'o'i su shiga tare su fita tare, a wanke, a bar ɗakin ya huta. Duk bayanin nan na mai kaji goma ne ko talatin a bayan ɗaki.

Ko an zauna lafiya, za a ga garke biyu a akurki ɗaya na tsawon watanni: manya a sandar sama, ƙanana a ƙasa ko a gefe, kowa da ayarinsa. Ba matsala ba ce, a ƙara musu sanda ta biyu ƙasa-ƙasa kawai, don kada su koma kwana a gurbin ƙwai su ɓata shi da kashi. Rigima ta ƙarshe tana zuwa ne lokacin da sagaru suka fara ƙwai, mako 18 zuwa 20 ga jajayen gona, kazar Hausa kuma sai ta haura haka. Tsofaffin kan mamaye gurbin, sabuwa ta rasa wuri ta tsuguna a fili. Daidai lokacin da ƙwai ya fito, jan naman mafitarsa yana bayyana na ɗan lokaci, in wata ta hango ta kai baki, abin kan kai ga zaro hanji. Saboda haka tun kafin zankon sagarun ya yi ja a ƙara gurabe, ɗaya ga kaza huɗu ko biyar, a lungu mai duhu, bakinsu ba ya kallon haske. Tsohuwar tukunya a kwance da ɓuntu a ciki ta wadatar. Ranar da aka tsinci ƙananan ƙwai na farko, sai a fara mayar da kowa kan abincin masu ƙwai, ana gauraya shi da na da har mako guda.